Waiwaye: Ƙafar Tela a Jikin Mai Gyaran Agogo

A daminar 1997 na rubuta labarina na farko mai tsawo. Littattafan rubutu uku na cika, irin na 'yan makaranta masu jadawalin lissafi a bangon baya, da shuɗin biro, a kan tabarma a soron gidanmu. Shekarata 21, ba aiki ba karatu, ina zaman jiran sakamakon jarrabawa. Lokacin kuwa littattafan soyayya na Kano suna tashe. Tun da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991 ya zaga gidaje, duk saurayin da ya iya haɗa baƙi gani yake shi ma akwai littafi a cikinsa. Ni ma na bi sahu. Labarin nawa bai kauce wa turbar da kowa ke bi ba: ɗan talaka, 'yar attajiri, iyaye suka ƙi, aka sha wuya, aka ɗaura aure.

Wadda na fara bai wa ta karanta ƙanwata ce mai bi mini. Kwana biyu ta yi da shi. Ina jira in ji ta yabi yarinyar, ko wasiƙun da na raba dare ina ƙawatawa, sai ta ajiye littattafan a gefen tabarma ta ce, "Yaya, uban yaron nan ai Baba ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata Baba tela ne, wannan kuwa mai gyaran agogo ne. Baba dogo ne siriri, wannan gajere ne mai jiki. Mu muna cikin birni, su suna wani ƙauye kusa da tashar jirgin ƙasa. Ta bari sai da na kai aya, sannan ta ce, "To me ya haɗa mai gyaran agogo da kaɗa ƙafa? Ko tuwo yake ci, ka ce ƙafarsa ta dama tana sama tana ƙasa. Yaya, wannan ƙafar tela ce."

Na ce mata ba ta san yadda ake ƙaga labari ba. Na tattara littattafan na jefa cikin akwatin ƙarfe na kulle. Ban kai su wajen kowa ba, ba a taɓa buga su ba, kuma shekara da shekaru idan na tuna sai in ce rashin kuɗin ɗab'i ne ya hana.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma na daɗe ina ɗauka haka abin yake tsakanin marubuci da labarinsa. Shi ya zauna ya tsara, shi ya raɗa wa mutanen ciki suna, wa zai fi shi sanin inda suka fito? Daga baya, da na shiga karanta abin da marubuta ke faɗa a kan ayyukansu bayan shekaru sun ja, na ga sau da yawa na waje ne ke fara hango ɗigon ruwan, mai ɗakin yana ciki yana rantsuwa rufinsa lafiya lau.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Franz Kafka, Bayahuden birnin Firag da ke rubutu da Jamusanci. A daren 22 ga Satumba 1912 ya zauna da ƙarfe goma, bai tashi ba sai shida na safe, ya gama wani gajeren labari a zama ɗaya. Labarin wani saurayi ne ɗan kasuwa mai shirin aure, wanda tsohon ubansa ya yanke masa hukuncin mutuwa a ruwa, shi kuma ya fita a guje ya faɗa kogi daga kan gada. Sai a watan Fabrairu na 1913, yana duba kurakuran ɗab'i kafin a buga, ya buɗe littafin da yake ajiye sirrinsa ya fara lissafa abin da ya gano. Sunan saurayin, Georg, harafi biyar ne kamar Franz. Farkon sunan gidansu, Bende, harafi biyar ne kamar Kafka, kuma wasalinsa ya maimaitu a daidai gurbin da na Kafka ya maimaitu. Budurwar da ke cikin labarin, Frieda Brandenfeld, haruffan farkon sunanta su ne na Felice Bauer, matar da ya haɗu da ita makonni kaɗan kafin wancan dare. Mutum ne yake bin sawun kansa a cikin rubutunsa, harafi bayan harafi, kamar mai bin sawun baƙon da ya shigo masa gida da dare. A 1919 ya rubuta wa mahaifinsa wata doguwar wasiƙa, a ciki har ya shaida masa cewa duk rubuce-rubucensa a kansa suke. Wasiƙar ba ta taɓa isa hannun uban ba.

Charles Dickens na Ingila shi ya san abin da yake yi, sai dai bai san iyakarsa ba. A 1824, yana ɗan shekara 12, aka kulle mahaifinsa a kurkukun masu bashi a Landan, shi kuma aka kai shi wata masana'antar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe, sule shida a mako. Wannan abu ya zame masa tabo. Ya yi suna, ya yi arziki, amma 'ya'yansa ma bai gaya musu ba. Amininsa John Forster ne ya buɗe wa cikinsa, kuma duniya ba ta ji ba sai bayan rasuwarsa a 1870, da Forster ya rubuta tarihinsa. Alhali tun a 1849 da 1850 ya riga ya zuba abin a David Copperfield, inda yaron ke wanke kwalabe a wani sito, wani mutum mai fara'a da yawan bashi kuma ya ƙare a kurkuku. Jama'a suka karanta suka yi kuka, suna cewa kai, mutumin nan ya iya ƙaga labari. Abin da shi kansa bai lura da shi ba sai da Forster ya nuna masa shi ne haruffan farko na sunan yaron, D da C, nasa ne aka juya. Forster ya ce abin ya girgiza shi.

Stephen King na Amurka ma haka. A 1977 ya fitar da The Shining, labarin wani tsohon malamin makaranta, marubuci, mashayi, wanda ya zama abin tsoro ga matarsa da ɗansa. King ya yi koyarwa, marubuci ne, kuma a lokacin giya ta riga ta kama shi. Amma a littafin da ya rubuta kan sana'arsa a 2000 ya ce ya gama wancan labari ba tare da ya farga cewa kansa yake zanawa ba.

Ba kowa ne ke rubutu ido rufe ba. A nan gida muna da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda ba ta taɓa ɓoye inda alƙalaminta ke ɗebo tawada ba. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba, da mutumin da ya girme ta nesa, auren kuma bai yi ƙarko ba. Ta sha faɗin wannan da bakinta a hirarraki. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, yarinyar da aka hana karatu, ɗan'uwanta da aka so haɗa su ya ƙi ta don ba ta yi boko ba, aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Duk wanda ya san tarihin marubuciyar zai ga inda hanyoyin biyu suka haɗu. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne inda suka rabu. Abu ta gudu, ta sami mai riƙe ta a birni, ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka raina ta jiya suka dawo suna bukatarta. Marubuciyar ta ɗauki yarinyar da aka fitar daga aji, ta kama hannunta ta mayar da ita, ta zauna da ita shafi bayan shafi har ta karɓi takardar shaida. Tun da na gane wannan, idan ina neman marubuci a cikin littafinsa na rage tsayawa a kan abin da ya yi kama da rayuwarsa. Na fi duba abin da rayuwa ta hana shi, shi kuma ya bai wa wani a takarda, da inda alƙalaminsa ya yi nauyi ya ƙi gaba alhali labarin ba ya bukatar tsayawa a nan.

Suna kam ba ya nuna komai. Abubakar Imam yana saurayi ɗan shekara 22, yana koyarwa a Katsina, ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ya rubuta Ruwan Bagaja, ya kuma sa wa tauraronsa Alhaji Imam ƙiri-ƙiri. Ba wanda ya ce shi ne ya yi yawon duniya yana wasan kura da Malam Zurƙe. Dickens da ya sauya suna, shi ne ya zuba cikinsa.

Akwai wata tambaya da masu karatu ke yi wa marubuta a wajenmu, kuma na ji ta a taro fiye da sau ɗaya: "Wai labarin nan ke ce?" Na ce "ke" da gangan, don mata aka fi jifa da ita. Namiji ya rubuta ɓarawo, a ce ya iya tsara labari. Mace ta rubuta zawarci, ko kishi, ko miji mai duka, sai a koma gefe ana ƙus-ƙus, ana lissafin aurenta, ana neman wace ce kishiyar da ta saka a ciki. Na san marubuciyar da ta daina rubutu ɗungurungum saboda dangin mijinta sun karanta littafinta kamar takardar ƙara. Wannan zalunci ne, kuma ya jawo mana asarar littattafai masu yawa da ba za a taɓa rubutawa ba. Ya kuma koya wa marubuta saurin musu. Da an tambaya sai a ce ƙage ne tsantsa, ba ruwana da shi. Ina ganin uzurin mai faɗin haka, don kare kai ya halatta. Inda matsalar take shi ne ka maimaita wa mutane musun har kai ma ka gaskata, ka rufe wa kanka ƙofar da rubutun ya buɗe maka. Ni haka na yi, kuma ba wanda ya tsare ni da ƙara. Ƙanwata ce kawai ta faɗi gaskiya a soro. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Baba ya rasu a 2016. Bayan shekara biyar, muna gyaran ɗakin da ruwa ya ci, aka fito da akwatin nan. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka sa guduma. Littattafan uku suna nan, gefensu ya yi ja, gara ta ɗan taɓa na ukun. Na ce bari in duba shafi ɗaya ko biyu in ga yarinta. Ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Yarinyar da na ɗauka ita ce labarin, ashe ko kamanninta ban iya bayyanawa ba. Fara ce, doguwa, mai dogon gashi, kamar kowace yarinya a kowane littafi na wancan zamani. Ranar ɗaurin auren da aka sha wuya a kansa shafi ɗaya da rabi na ba ta. Amma akwai wani dare da yaron ya farka ya tarar da ubansa yana aiki a gaban fitilar ƙwai, ya laɓe a bakin ƙofa yana kallonsa. Wannan dare shafi bakwai ya ci. Na rubuta yadda uban ke lasar leɓe idan aiki ya yi tsauri, da yadda yake ɗaga abu kusa da fitila ya kanne ido ɗaya, da gyaran murya sau biyu da yake yi a zaure kafin ya yi sallama. Har warin mai na sa a ɗakin, na ce man agogo ne. Ina karantawa hancina ya gaya mini man keken ɗinki ne, na daren jajibirin Sallah, lokacin da Baba ke kwana yana taka keke, tef ɗin awo a wuya, alli a bayan kunne, kayan mutane jibge a kan tabarma, namu kuwa sai ya gama na kowa. Ga ƙafar nan kuma, a babi bayan babi, tana sama tana ƙasa a ƙarƙashin teburin mai gyaran agogo, inda babu abin takawa.

Wannan duka ƙanwata ta riga ta gani tun 1997. Akwai abin da ita ma ba ta gani ba, ko ta gani ta yi mini kara.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. "Kai" nake idan ina kusa, "yaron nan" idan ba na nan. Ba ya wasa da ni, ba ya zama inda nake zaune, idan zai ba ni abu sai ya bayar a miƙo mini. Kunya ce, al'ada ce, haka shi ma aka yi masa, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa abin yana damuna ba. Da wani ya tambaye ni a lokacin, da na ce wannan ai tarbiyya ce. To a cikin littattafan nan uku, mai gyaran agogo yana kiran ɗansa da sunansa. Na koma farko na ƙirga da yatsa: sau goma sha ɗaya. Ba kuma a wuraren da labari ke bukata ba. Ya kira shi ya ce miƙo mini fitila. Ya kira shi ya ce ka ci abinci? Akwai inda ya kira shi, yaron ya amsa, uban ya ce ba komai, je ka. Ranar da sakamakon jarrabawar yaron ya fito kuwa, uban ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dafa kansa a gaban mutane.

Ina zaman jiran sakamako na rubuta wannan. Da nawa ya fito, Baba ya ji, ya ce madalla, ya ci gaba da ɗinki. Washegari Inna ta miƙo mini sabuwar riga da wando, ɗinkin hannunsa, daidai jikina, alhali rabon da ya auna ni tun ina firamare. Da ido ya auna. Na sa kayan na fita, ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba.

A shekara 21, da za a sa ni rantsuwa, zan rantse labarin soyayya na rubuta, kuma ba ƙarya na yi ba a iya sanina. Da na karanta shi ina da shekara 45 na ga ɗa ne yake roƙon ubansa abu ɗaya, ta hanyar da ba za a ce ya yi rashin kunya ba. Yanzu da na ƙara karantawa, wani abu na uku nake gani, wanda ya fi na biyun nauyi: duk da kiran sunan, mai gyaran agogon bai fi Baba son ɗansa ba. Duk abin da na ba shi na ƙauna, banda sunan nan da dafa kai, daga wajen Baba na kwaso, har da tambayar ko yaro ya ci abinci, wadda nakan jiyo shi yana yi wa Inna ƙasa-ƙasa idan ya ɗauka na yi barci. Ashe na ji, na adana, na kuma rubuta, duk ban san na sani ba. Shi ya sa idan matashin marubuci ya kawo mini aikinsa yana gaya mini abin da labarin ke nufi, nakan saurare shi da kyau, in kuma roƙe shi abu ɗaya: kada ya yar da rubutun, ko da bai sami bugawa ba, ya ajiye inda gara ba za ta kai ba. Idan kuma na hango wata ƙafa tana motsi a inda bai kamata ba, nakan auna ko zai iya ɗauka kafin in nuna masa. Wani lokaci nakan yi shiru.

Da daddare ranar da aka fasa akwatin na kira ƙanwata a waya, tana gidan mijinta a wani gari. Bayan mun gaisa na ce mata, "Kin tuna mai gyaran agogo?" Ta yi jim, sannan ta ce, "Yaya, sai yanzu?" Na ce sai yanzu. Muka yi shiru mu biyu, ina jin kukan jaririnta daga can ciki. Ta ce Allah Ya jiƙan Baba. Na ce amin.

Littattafan suna kan teburina tun daga ranar, na sa su a leda saboda ƙura. Kwanan baya babban ɗana ya shigo neman caja, ya gan su, ya tsaya yana juya na farkon. Shekararsa 17. Ni ma ban cika kiran sunansa ba, abin ya bi jini, sai dai in ce "kai" ko in aika ƙaninsa. Ya ce, "Baba, wannan rubutun waye?" Na ce nawa ne, tun kafin a haife shi. Ya tambaya ko zai iya karantawa. Na ɗan yi jinkiri, sannan na ce ya ɗauka, amma ya bi na ukun a hankali, takardar ta yi laushi.

Jiya na wuce ta ƙofar ɗakinsu na hango shi kwance rub da ciki, ya kai tsakiyar na biyu.